Yadda Ake Waldar Ƙarfen da Zai Ɗauki Nauyi

Yawancin aikin da ke zuwa wa mai walda a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 bai wuce ƙofa da taga da gyaran baro ko teburin mai shayi ba, kuma irin wannan aiki yana iya yin shekaru ko da waldar ba ta shiga ƙarfen sosai ba. Hasumiyar tankin ruwa, matakalar bene, ƙarafan rufi da allon talla kuwa wani al'amari ne daban. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 nauyin tan 2 ne a tsaye bisa kan mutanen gida dare da rana, kuma abin da ke riƙe da shi 'yan santimitoci ne na walda a kowace mahaɗa. Ƙarfin wannan walda yana can cikin gindin mahaɗar inda ido ba ya kaiwa, don haka wannan bayani zai fi tsayawa a kan yadda za ka sa ƙarfe biyu su narke su zama ɗaya, da yadda za ka tabbatar sun zama. Zan riƙa kawo misali da hasumiyar tanki irin wadda ake kafawa a gidajen Legas.

Kayan aiki

Kana buƙatar injin walda da zai iya ba ka amfiya 160 zuwa 200 ba tare da ya riƙa yankewa ba. Ƙaramin injin zamani mai inbata ya fi dacewa da mai koyo, domin wutarsa a daidaice take, kuma yana jure raguwar wutar lantarki fiye da injin taransifoma da ake naɗawa a gida. Idan na naɗin gida ne kawai ka samu, yana aiki, amma da yake yawancinsu ba su da ma'aunin da ke nuna amfiya, dole ne ka gwada a kan guntun ƙarfe kafin kowane aiki. Idan da janareta za ka yi, nemi mai ƙarfin kVA 7 ko sama. Ƙaramin janaretan shago ba zai riƙe tsinke mai milimita 3.2 ba, kuma doguwar siririyar waya daga soket zuwa inji tana cinye wutar tun kafin ta iso.

Sai tsinken walda. Lambar da ke jikinsa tana da ma'ana: a E6013, 60 na nufin waldar tana jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, a E7018 kuma fam 70,000, sannan 1 da ke biye yana nufin ana iya amfani da shi a kwance, a tsaye da kuma sama da kai. E6013 shi ne ya cika kasuwa, yana da sauƙin kunnawa, yana ba da kyakkyawar fuska, amma ba ya nutsawa da zurfi, kuma wannan shi ne tarkonsa. E7018 ya fi ƙarfi da juriya, shi ake so a ƙarfe mai kauri, sai dai yana son inji mai inbata, kuma ba ya shiri da laima ko kaɗan. A girma kuwa, geji 12 shi ne kusan milimita 2.5, geji 10 kuma kusan 3.2.

Ragowar kayan su ne giraindin da fayafayan yanka da na gurza, gudumar ɓare kashin walda (ɓawon da ke daskarewa a saman walda), burushin waya, tef, sikwaya, lebul, kilam na matse ƙarfe, alli, da ma'aunin kauri. Na kariya kuma: garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12, farin tabarau na lokacin gurza, safar hannu ta fata, rigar auduga mai dogon hannu da takalmi rufaffe. Baƙin tabarau na rana da ake gani a fuskar masu walda a bakin titi ba ya tare hasken da ke ƙona ido da fatar fuska, kuma ba ya barin ka ga narkakken ƙarfen da kyau. Wanda ba ya ganin narkakken ƙarfe kuwa, da ka yake walda.

1. Tantance ƙarfen

Ko daga Orile ka sayo sabon angul, ko tsohon ƙarfe ka zaɓo a Owode Onirin, ka auna kaurinsa da kanka kafin ka biya, domin abin da aka kira milimita 5 a baki yana iya zama 4 a ma'auni. Ƙarfen da ya dace da wannan aiki shi ne mai laushi, wanda ba shi da yawan kabon. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ka taɓa shi da giraindin: mai laushi yana fitar da dogon tartsatsi mai ɗan rassa kaɗan, mai yawan kabon kuma tartsatsinsa yana fashewa da rassa da yawa kamar taurari. Sifirin ɗin mota, ƙarfen zubi da rodin da ba ka san asalinsa ba kada su shiga ƙafar hasumiya, domin suna iya tsagewa a gefen waldar bayan sun huce, wani lokaci ma sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Girman angul da yawan ƙafafu da tsawon hasumiya ba hukuncin mai walda ba ne idan aikin babba ne. Wannan lissafin injiniya ne, kuma mafi ingancin walda ba ta ceton ƙarfen da ya yi wa nauyinsa ƙanƙanta. Idan mai aiki ya ce a rage kauri don a rage kuɗi, amsar ita ce: "Ranka ya daɗe Alhaji, sai dai a rage girman tankin ko tsawon hasumiyar, amma kaurin nan a bar shi yadda yake."

2. Wanke bakin ƙarfe da fiƙe shi

Rabin ingancin walda a nan ake samunsa, kuma nan ne aka fi yin ha'inci saboda gaggawa. Ka gurje tsatsa, fenti, mai da baƙin ɓawon masana'anta har sai farin ƙarfe ya bayyana, aƙalla santimita 2 zuwa 3 daga kowane gefe na mahaɗar. Iskar Legas mai gishiri ce, musamman wajen Apapa, Lekki da Ajah, ƙarfen da ka gurje yau da yamma zai iya wayar gari da jan tsatsa, saboda haka ka gurje abin da za ka iya haɗawa a ranar kawai. Inda za ka maƙala wayar at, wato wayar injin da ake maƙalawa a jikin aikin, shi ma ka gurje shi, ka kuma matso da ita kusa da aikin.

Idan bututu ne mai rufin zinki, ka gurje zinkin tas daga inda wuta za ta taɓa, ka yi aikin a sarari, kanka kuma ba a cikin hayaƙin ba. Farin hayaƙin zinki yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, kuma madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana shi.

Ƙarfen da bai kai milimita 4 ba ana iya haɗa shi baki da baki da 'yar tazara. Daga milimita 6 zuwa sama dole ne a fiƙe bakin kowanne da kusan digiri 30, yadda idan an haɗa su za su ba da kwari mai digiri 60, a bar ɗan tudu na milimita 1.5 zuwa 2 a ƙasan fiƙar, a kuma bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a tsakani. Idan ba ka da abin auna tazarar, ɓare garin da ke jikin tsinke geji 12 ka sa wayarsa a tsakani. Dalilin wannan wahala shi ne wutar tsinke ba ta iya ratsa ƙarfe mai kauri daga sama. Idan ba a buɗe mata hanya ba, za ta rufe saman ta bar tsakiyar a rabe, kuma wannan rabuwar tsaga ce da ka gina da hannunka, nauyi kawai take jira.

3. Jerawa da tak

Ka jera ƙarafan a ƙasa mai daidai, ka matse da kilam, ka duba da sikwaya. A firam mai kusurwa huɗu, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake. Tak ɗinka, wato 'yar gajeriyar waldar da ke riƙe ƙarafan kafin a cika, ya kai tsawon santimita 1 zuwa 2, ya kuma shiga ƙarfen sosai, domin zai zama ɓangaren waldar ƙarshe. Wanda ya tsage a gurje shi a sake. Kada ka cike tazarar da ta yi yawa da guntun rodi ko ƙusa sannan ka rufe da walda, kamar yadda wasu ke yi; a sake yanka ƙarfen ya fi.

A hasumiya, kada ka cika waldar kowace mahaɗa sai duk firam ɗin ya tsaya da tak, an saka ƙarafan gicciye, an kuma duba tsayuwarsa da lebul. Inda gicciye ya haɗu da ƙafa, idan wurin haɗuwar ya yi ƙanƙanta, sa ɗan farantin ƙarfe a kusurwar don waldar ta sami tsawo.

4. Daidaita wuta

A matsayin mafari, tsinke mai milimita 2.5 yana son amfiya 70 zuwa 95, mai 3.2 yana son 100 zuwa 130, mai 4 kuma 140 zuwa 180, amma abin da aka rubuta a jikin kwalin tsinken shi ne gaba. Ka gwada a guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na aikin. Idan wuta ta yi kaɗan, tsinke yana manne wa ƙarfe, waldar kuma tana taruwa ta yi tudu ba tare da gefenta ya narke cikin ƙarfen ba. Idan ta yi yawa, tartsatsi yana yawaita, tsinken yana yin ja tun kafin ya ƙare, gefen waldar kuma yana zaizayewa. Wutar da ta yi daidai tana da ƙara mai ɗorewa kamar ta ƙosai a cikin mai.

Wutar unguwa tana sauyawa a cikin yini, musamman da yamma idan kowa ya kunna kayansa, don haka saitin safe ba lallai ya yi aiki da la'asar ba. Idan wuta ta yi ƙasa har tsinke 3.2 ya ƙi kamawa, koma 2.5 ka yi layi da yawa, ko ka jira. Kada ka lallaɓa mahaɗar da za ta ɗauki nauyi da wutar da ba ta isa ba.

Game da laima: tsinken da ya kwana a buɗe a damina yana tofi, yana barin ƙananan ramuka a cikin walda. E6013 a ajiye shi a rufaffen bututun roba. E7018 kuwa, da zarar an buɗe kwalinsa, ƙa'ida ita ce a ajiye shi a tanda mai zafin kusan digiri 120 a ma'aunin Celsius, domin laimar da ya sha tana sa haidurojin cikin waldar, shi kuma yana haddasa tsaga daga baya. Wanda ba shi da tanda ya sayi ƙaramin ƙunshi a rufe, ya buɗe ya ƙarar a ranar.

5. Layin farko

Wannan layi shi ne aikin, sauran duk ciko ne. Ka gyara tsayuwarka, ka jingina gwiwar hannu ko ka tallafi hannun da ɗayan, yadda za ka iya kai layin ƙarshe ba tare da ka motsa ƙafa ba. Kunna tsinken a cikin kwarin da za ka cike, ba a jikin ƙarfen da ke gefe ba, domin tabon kunnawa yana taurara wurin. Tazarar bakin tsinke da ƙarfe kada ta wuce kaurin wayar tsinken. Da E7018 ma a matse ta fiye da haka. Ka karkatar da tsinken digiri 10 zuwa 15 zuwa inda kake tafiya, kana jan sa, kuma a mahaɗar kusurwa, inda ƙarfe ɗaya ya tsaya a kan ɗaya, ka raba kusurwar biyu daidai, wato digiri 45. Idan ɗaya ya fi kauri, karkata wutar kaɗan zuwa gare shi.

Abin da za ka zuba wa ido shi ne ɗan tafkin narkakken ƙarfe da ke bayan tsinken, ba hasken ba. Ta cikin gilashi za ka ga abu biyu: ƙarfen yana da haske da sheƙi, kashin walda kuma ya fi duhu yana yawo a samansa. Dole ne kashin ya kasance a baya, bakin wutar kuma a gaban tafkin yana cin sabon ƙarfe a can cikin kusurwar. Da zarar ka ga kashin ya sha gaban tsinke, to ana binne shi a cikin waldar, kuma da E6013 hakan yana faruwa cikin ƙiftawar ido: za ka ɓare ka tarar da walda a gefe biyu, tsakiya kuma rami cike da kashi. Maganinsa ƙara wuta kaɗan, matse tazara, da ƙara karkata tsinken. A mahaɗar da aka fiƙe, alamar cewa wuta ta ratsa ita ce 'yar ƙofa zagayayya da ke buɗewa a gaban tafkin; ka riƙe girmanta daidai har ƙarshe, sannan idan ka leƙa bayan ƙarfen ka ga siririn layi ya fito.

Idan tsinke ya ƙare a tsakiya, ɓare kashin, ka goge, ka kunna sabo kusan santimita 1 a gaba, ka dawo cikin ramin da ka bari sannan ka ci gaba. A ƙarshen layi kada ka fizge hannu. Ka ɗan dakata, ka koma baya kaɗan ramin ya cika, domin ramin ƙarshe da aka bari a buɗe nan tsaga take farawa. A kan angul, zagaya da waldar ta bayan kusurwa maimakon ka tsaya daidai a kanta.

6. Ciko, tsaye da sama da kai

Tsakanin kowane layi da na bayansa a ɓare kashi tas, a bi da burushi, inda ya maƙale a sa giraindin. Siraran layuka da yawa sun fi layi ɗaya mai faɗi. Idan za ka kaɗa hannu, faɗin kada ya wuce kaurin tsinken sau 2 zuwa 3, kuma ka riƙa ɗan tsayawa a kowane gefe. A mahaɗar kusurwa, ƙa'idar waldar gine-gine ta Amurka, AWS D1.1, ta sa mafi ƙarancin ƙafar walda, wato faɗin da ta kwanta a jikin kowane ƙarfe daga kusurwa, milimita 3 ga ƙarfen da bai wuce 6 ba, milimita 5 ga wanda ke tsakanin 6 da 12, da milimita 6 ga wanda ke tsakanin 12 da 20. Ƙarfin waldar kusurwa yana wuyanta, wato kaurinta daga gindin kusurwa zuwa fuskarta, wanda yake kusan kashi 7 cikin 10 na ƙafar, shi ya sa waldar da ta lotsa ciki ta fi yadda ake ganinta rauni. Tula walda fiye da kima kuma ba ya ƙara komai sai zafi da karkacewa.

A tsaye, daga ƙasa ake hawa sama. Saukowa daga sama ya fi sauri, ya fi santsi, shi ya sa masu ƙofa suke son sa, amma a ƙarfe mai kauri shafe ne kawai. Rage wuta da kusan kashi 10 cikin 100, ka gina ɗan dandamali a ƙasa, ka riƙa hawa a kansa kana tsayawa a gefe da gefe kana ratsa tsakiya da sauri. Duk abin da za a iya haɗawa a ƙasa a kwance, a haɗa shi a can kafin a ɗaga. Waldar da aka yi a saman tsani da hannu ɗaya ba ta taɓa kai ta ƙasa.

Zafi yana jan ƙarfe zuwa ɓangaren da aka yi walda, saboda haka ka riƙa musanya: ka yi wannan kusurwa, ka koma kishiyarta. Kuma kada ka zuba wa walda ruwa don ta huce da wuri, domin sanyin gaggawa yana sa ta gautsi. Idan hadari ya taso, a kashe inji. Jiƙaƙƙiyar safar hannu da ƙasa mai ruwa suna mai da wutar da ke bakin mariƙin tsinke abin kisa.

7. Dubawa da gwaji

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to fara da shi, bayan an ɓare kashi kuma kafin fenti. Nemi tsaga, wadda ba a yafe ta komai ƙanƙantarta. Nemi ƙananan ramuka. Bi gefen waldar da farce ka ji ko ya zaizaye, idan zurfin ya kai milimita 1 a cike shi. Duba ko waldar ta kwanto a kan ƙarfen ba tare da ta narke da shi ba. Duk inda ka samu aibi, a gurje shi har gindinsa a sake. Shafa sabuwar walda a kan tsaga rufe ta ne kawai, tana nan tana tafiya a ƙasa. Haka nan kada ka gurje fuskar waldar kusurwa don ta yi kyau, ƙarfinta kake ragewa, kuma cike rami da fotin mota kafin fenti cin amana ne.

Amma ido ba ya ganin gindi, saboda haka kafin ka taɓa aikin mutane ka yi wannan gwaji, ka kuma maimaita shi duk lokacin da ka sauya inji ko tsinke. Ɗauki guntaye biyu masu kaurin aikin, ka tsayar da ɗaya a kan ɗaya, ka yi walda a gefe ɗaya kawai mai tsawon santimita 10 zuwa 15. Bayan ta huce, ka doke na tsayen da babbar guduma ta yadda zai kwanto a kan waldar har ta karye ko ta lanƙwashe. Duba cikin karayar. Idan ka ga bakin ƙarfen yana nan da kaifinsa yadda aka yanka shi, ko baƙin kashi, ko ramuka, wutarka ba ta kai gindi ba, komai kyan fuskar. Idan karayar ta bi ta tsakiyar waldar, launinta toka-toka iri ɗaya, kusurwar kuma ta narke gaba ɗaya, hannunka ya fara zama. Na baki da baki kuma, yanko siririn yanki, ka gurje tudun, ka matse a bais ka lanƙwasa shi, sau ɗaya ta fuska, sau ɗaya ta baya. A ganina, mai koyon da bai karya irin waɗannan guntaye da yawa ya duba cikinsu ba, bai kamata maigidansa ya bar shi ya hau hasumiya ba. Masu neman aiki a manyan kamfanoni ma da irin wannan lanƙwasawa da karyawa ake jarraba su, a ƙarƙashin ƙa'idoji irin su ISO 9606.

Idan abin da ka haɗa zai riƙe ruwa ne, shafa jiƙaƙƙen alli a gefe ɗaya ya bushe, ka shafa kananzir a ɗaya gefen. Inda akwai ƙofa, tabo zai fito a allin. A wanke kananzir ɗin tas kafin a sake kusantar da wuta. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, mai koyo kada ya taɓa shi sam.

8. Fenti da kafawa

A Legas tsatsa ba ta jira, don haka a ranar da aka gama dubawa a goge mahaɗun da burushi, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bi da fenti mai mai sau biyu, a kuma tura burushin cikin kusurwoyi da bayan angul inda ruwa ke kwanciya. Bakin bututu a toshe shi da walda, ko a huda ƙaramar ƙofa a ƙasansa don ruwa ya fita. Ƙafafun hasumiya su zauna a kan farantin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da kusoshi a cikin kankare, kankaren kuma ya ɗan ɗaga sama da ƙasa yadda ruwan sama ba zai taru a gindin ƙarfen ba. Ranar ɗora tanki, a cika shi kashi-kashi: a zuba rubu'i a tsaya a duba mahaɗu da lebul, a kai rabi a sake dubawa, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi har sai ya cika ya kwana. Ka gaya wa mai gidan a riƙa duba gindin ƙafafun da mahaɗun gicciye kowace shekara kafin damina, a kankare duk inda fenti ya tashi a sake shafawa.